Da Babu Addini, Da Kafanchan Ta Zauna Lafiya?

Akwai maganar da a da ba a yin ta sai an rufe ƙofa, yau kuwa ana jin ta a bakin matasan Kudancin Kaduna, a teburin mai shayi, a ɗakunan kwanan ɗalibai na kwalejin Gidan Waya, da kuma a Facebook duk ranar da aka wayi gari da labarin wani sabon hari: "Addinin nan shi ya kashe mu. Da babu shi da tuni mun huta." Yawancin masu faɗar haka ba su bar sallah ba, ba su kuma daina zuwa coci ranar Lahadi ba. Gajiya ce ke magana. Amma a cikinsu akwai 'yan kaɗan da suka wuce nan, suna cewa mutum zai iya zama na kirki ba tare da ya yi imani da komai ba, watakila ma ya fi kirki.

A ƙasa irin tamu wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta yi a 2019 ya nuna fiye da mutum tara cikin goma na 'yan Najeriya suna ganin ba a samun kyakkyawar ɗabi'a sai da imani da Allah, alhali a Suwidin masu wannan ra'ayi ba su kai ɗaya cikin goma ba. Idan har irin wannan tambaya ta fara tsiro a Kafanchan, inda kiran sallah da ƙararrawar coci ke tashin mutane a asuba ɗaya, lallai akwai abin da ya shuka ta.

Abin da ya shuka ta ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda aka haifa bayan rikicin 1987 bai taɓa ganin Kafanchan ta iyayensa ba, wato garin mahaɗar jirgin ƙasa da ya cika da Ibo da Yarbawa da Hausawa da Bajju da Fantswam, kowa na cin abinci a gindin tasha. Ya tashi ne ya tarar jirgi ya mutu, aikin da ya kawo ya tafi, unguwanni sun rabu, kowa ya san layin da ba ya tsallakawa idan gari ya yi zafi. Ya ga malami da fasto suna bin 'yan siyasa lokacin zaɓe. Sannan waya ta nuna masa ƙasashen da majami'unsu suka koma wayam, amma mace na tafiya ita kaɗai da tsakar dare ba ta waiwaye. Ba na ganin laifinsa don ya haɗa waɗannan ya yanke hukunci. Sai dai ina ganin hukuncin ya yi gaggawa, kuma tarihin yankin nan da kansa ne ke nuna haka.

Rigimar Kudancin Kaduna ta girmi yawancin cocin da ke cikinta. Masarautar Jama'a ta kafu ne a zamanin jihadi, wajen 1810, tana ƙarƙashin Zazzau, kuma cikin abin da take kaiwa Zariya har da bayi da aka kamo daga ƙabilun da ke kewaye. Da Turawa suka zo sai suka ƙara ɗora wasu daga cikin ƙabilun nan a ƙarƙashin sarakuna da hakiman da a da ba su iya mallakarsu da yaƙi ba. Kagoro da Marwa da Kwoi ne suka tsira da sarautarsu. A 1933 fadar Jama'a ta koma Kafanchan, ƙasar da Fantswam ke cewa ta kakanninsu ce. Bajju sun yi bore a 1942, Atyap sun yi nasu a 1946, duk a kan haraji da aikin tilas da mulkin hakimin Zangon Kataf. A lokacin mishan na SIM sun daɗe da kafa tasha a Kwoi, tun 1910, amma mafi yawan waɗanda suka yi boren suna kan addinin kakanninsu. Abin da suke nema shi ne su mulki kansu, su riƙe gonakinsu.

Haka abin ya ci gaba. Wutar Zangon Kataf ta watan Fabrairun 1992 ta tashi ne a kan mayar da kasuwa daga tsohon wurinta zuwa sabo, domin mai riƙe da kasuwa shi ke raba rumfa, shi ke karɓar kuɗin shiga. Ta watan Mayu, wadda ta fi muni, har da batun gonaki a cikinta. Rikicin Kafanchan na Mayun 1999 ya ɓarke ne a kan miƙa sandar girma ga sabon Sarkin Jama'a. Na Afrilun 2011 kuwa sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ne ya kunna shi. A cire Alƙur'ani da Littafi Mai Tsarki daga waɗannan duka, za a tarar da kasuwa tana nan, gona tana nan, sarauta tana nan, haka kuma takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ke raba wanda zai samu gurbin karatu da wanda za a ce masa baƙo a garin da aka binne kakansa. Mai shakka ya dubi Zamfara, ko Birnin Gwari da ke cikin jihar nan, inda mai harbi da wanda aka harba alƙibla ɗaya suke kallo. Ya dubi Ife da Modakeke, ya dubi Ruwanda ta 1994, inda aka yanka mutane a cikin cocin da makasan ke ibada.

Har ila yau akwai shaida daga ɗaya ɓangaren. Lokacin da aka ba Bajju da Atyap masarautunsu a 1995, zamanin Kanal Lawal Ja'afaru Isa, sannan gwamnatin Ahmed Makarfi ta ƙara wasu da dama bayan rikicin Kaduna na 2000, zafin ya ragu na tsawon shekaru. Ba wanda ya sauya addininsa a lokacin. Sarauta aka raba.

To amma duk wanda ya tsaya nan ya ce addini ba shi da hannu, ya yi wa gaskiya rowa. A koma ranar Juma'a 6 ga Maris, 1987, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan. Ɗalibai Kirista sun shirya taron wa'azi, suka gayyato Rabaran Abubakar Bako, wanda a da Musulmi ne. Ɗalibai Musulmi suka ce ya taɓa Alƙur'ani da Annabi, gardama ta koma dambe, dambe ya fita gari, aka kashe mutane, aka ƙona masallatai. Cikin 'yan kwanaki sai ga wuta a Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina, aka ƙona coci fiye da ɗari. Mutumin Funtuwa ba shi da gona a Kafanchan, ba shi da rumfa a kasuwarta. Abin da ya kai masa faɗan har ƙofar gida shi ne jin cewa an taɓa ɗan'uwansa a addini. Wannan shi ne aikin da addini ke yi a rigingimunmu: shi ne iskar da ke ɗaukar tartsatsi daga bukka ɗaya ta kai unguwar da ba ta san an kunna wuta ba. A 1992 ma haka gawarwakin Zango suka jawo kisa a Kaduna da Zariya, a 2011 kuma labarin abin da aka yi wa Kirista a arewacin jihar ya zama hujjar abin da aka yi wa Musulmi a Zonkwa da Matsirga, har ƙungiyar Human Rights Watch ta ce mutanen da aka kashe a Kudancin Kaduna kaɗai sun haura 500.

Akwai kuma ɓarna ta biyu, wadda ta fi wuyar gani. Rigimar iyakar gona ana iya sasanta ta, dattawa su zauna su ce kai matsa nan, kai kuma matsa can. Da zarar an ce gonar ta Musulunci ce ko ta Yesu ce, wanda ya yarda da sulhu ya zama maci amana. Shugabanni masu sassauci da yawa sun yi shiru ne don tsoron wannan suna, ba don ba su san gaskiya ba.

A kan ɗabi'ar mutum ɗaya kuwa, ina ganin kasuwa ta fi littafi bayani. A je Kachia ko Kwoi lokacin kakar citta. Manomiya ta tsaga cittarta, ta shanya a kan falalen dutse, ta zuba a buhu. Dillali Bahaushe ya zura hannu har ƙasan buhun ya ɗebo, ya karya ɗaya ya sansana, ya ce, "Mama, tsakaninki da Allah ta bushe?" Ta ce, "Ɗana, ka ji tsoron Allah, ka ƙara kuɗin nan." Wani lokaci ya kwashe kaya ba tare da ya biya ba, sai ya dawo daga Legas ko Kano. Wani lokaci shi ne ya ba da kuɗin taki tun damina. Babu takarda, babu lauya. Sunan Allah na cikin cinikin, ba shakka, amma abin da ke ɗaure shi har da sanin cewa mako mai zuwa za a sake haɗuwa, kuma wanda ya ci amana sau ɗaya sunansa ya ɓaci a kasuwar. Kunya, da sanin ya kamata, da tsoron abin da za a faɗa a kan gidanku: waɗannan ba za su gushe ba ko da an rufe kowane wurin ibada. Kuma dukkanmu mun san mai goshin sallah da ke tauye mudu, da dattijon coci da ya cinye kuɗin marayu.

Abin da ke damuna shi ne faɗin wannan kirkin, wato iya inda yake tsayawa. Mutumin da ba zai ɗauki naira ɗaya ta maƙwabcinsa ba, ranar rikici shi ne ke tare hanya yana tambayar matafiyi sunansa. Bai rasa ɗabi'a ba, ya dai yanke cewa wannan ba ya cikin waɗanda ake yi wa ita. Ɗaya ya ce "arne ne", ɗaya ya ce "baƙo ne". Idan aka kawar da addini, ƙabila za ta ci gaba da shata wannan iyaka. Kafin mishan da jihadi ma yankin bai taɓa zama ba addini ba. Atyap da Bajju suna da dodonsu, wanda ke hukunta ɓarawo da mai rantsuwar ƙarya, yana kuma tsorata mata da yara, kuma kariyarsa ba ta wuce dangi da ƙauye.

A nan ne ma addinan biyu suka nuna abin da suke iyawa idan an bar su. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa a faɗan 1992, Liman Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Kowannensu na jagorantar matasa masu jiran ɗaukar fansa. Sun haɗu a 1995, kuma kowannensu ya ce wa'azin yafiya daga cikin addininsa ne ya karya masa zuciya. Su ne suka taimaka aka kai ga sanarwar zaman lafiya ta Kaduna a 2002. A Yunin 2018, a ƙauyen Nghar da ke Barkin Ladi ta jihar Filato, Liman Abdullahi Abubakar ya ɓoye Kirista fiye da ɗari biyu a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a shiga. Mai cewa addini guba ne zalla sai ya faɗa mana me ya tsayar da tsohon nan a ƙofar. Kuma idan an ƙona ƙauye, kamar yadda aka yi wa Goska a jajibirin Kirsimeti na 2016, kafin motar gwamnati ta iso, Zumuntar Mata da 'yan agajin masallaci ne ke ɗora tukunya. Makaranta da asibiti ma a wurare da yawa mishan ne suka fara kawo su. Wanda ke son a janye addini daga rayuwar jama'a sai ya fara nuna wanda zai ɗauki wannan kayan.

Suwidin da matasanmu ke misali da ita ba rashin zuwa coci ne ya ba ta lafiya ba. Akwai kotu mai aiki, akwai ɗan sanda da ke zuwa idan an kira, akwai abin da marar aiki zai ci. Ƙasar da ta gwada kashe addini da ƙarfi, Albaniya, ta ayyana kanta marar addini a 1967, ta rufe masallatai da coci, abin da ya biyo baya shi ne gidajen yari da 'yan leƙen asiri.

Mu kuwa abin da muke da shi tulin rahotanni ne: kwamitin Donli na 1987, hukumar Cudjoe ta 1992, kwamitin Sheikh Ahmed Lemu na 2011. A Maris ɗin 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar sun sa hannu a sanarwar zaman lafiya ta Kafanchan, kafin shekarar ta ƙare an sake zubar da jini a Godogodo. Rahoton da Human Rights Watch ta fitar a 2013 kan Kaduna da Filato ya ɗauki sunansa ne daga abin da ake gaya wa waɗanda aka kashe wa dangi, wato a bar wa Allah komai, kuma ya nuna ƙalilan ne ƙwarai aka gurfanar kan kashe-kashen 2011. Wannan kalma ta "a bar wa Allah" ita ce ta fi kowace jawo wa addini baƙin jini a wurin yaron da ya ga an kashe ubansa, yana kuma ganin makashin a kasuwa. An ɗora wa haƙuri aikin alƙali.

Tasirin wannan sabon tunani zuwa yanzu ya fi yawa a cikin zukata. Matashi zai ci gaba da bin sahu don kada uwarsa ta yi kuka, amma ya daina ɗaukar maganar mai wa'azi da nauyi, kuma wannan asara ce babba, domin ranar da gari ya ɗau zafi muryar limami da fasto ce kaɗai aka saba ji. Waɗanda suka kai ga barin imani gaba ɗaya ba sa faɗa, kuma sun san dalili. A Kaduna aka kama Mubarak Bala, wanda ya bar addini a fili, a Afrilun 2020 kan abin da ya rubuta a Facebook, aka kai shi Kano, a 2022 kotu ta yanke masa shekara 24, sai a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar. Matasan Kafanchan, Musulminsu da Kiristansu, sun ga yadda hukuma ta iya bin sawun rubutu ɗaya daga wata jiha zuwa wata, kuma suna tambayar iyayensu mutum nawa aka ɗaure kan Zonkwa, nawa kan Goska.