Ciwon Gawut: Ba Jifa Ba Ne, Ba Kuma Sanyi Ba

Mutum ya kwanta lafiya lau, cikin tsakar dare babban yatsan ƙafarsa ya tashe shi da raɗaɗi. Kafin asuba ya kumbura, ya ɗauki zafi yana sheƙi, ko mayafi ya taɓa wurin sai an ji ihunsa. Gari na wayewa wannan ya ce jifa ne, wancan ya ce sanyi. Sau da yawa kuwa cutar da likitoci ke kira gawut ce.

Tushenta wani sinadari ne, yurik asid, wanda ƙoda ke tacewa ta fitar a fitsari. Idan ya yi yawa a jini, sai ya daskare cikin gaɓa ya zama 'yan tsinaye masu kaifi kamar allura. Su ne ke hura kumburin. Ta fi kama maza magidanta, sai mata bayan sun daina al'ada, kuma tana bin jini a wasu gidaje. Masu hawan jini da ciwon ƙoda da masu ƙiba sun fi shiga haɗari.

Abinci ma na da hannu a ciki. Ɗauki misalin Illela, garin dabbobi. Ranar Lahadi kara na cika da fatake daga Konni da Sakkwato, tukubar mai tsire ba ta hutawa. Hanta da ƙoda da sauran kayan ciki suna cikin abincin da ya fi ƙara wannan sinadari, haka jan nama in ya yi yawa, da lemon kwalba, da giya. Ga zafin bazara da kan haura digiri 40: wanda ya yini a rana yana zufa bai sha ruwa sosai ba, ya buɗe wa ciwon ƙofa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne garzayawa kemis a haɗiyi diclofenac ko dexamethasone duk ranar da ciwon ya motsa. Raɗaɗin kan lafa cikin mako 1 zuwa 2, amma tsinayen suna nan. A kwana a tashi su yi ƙulu a gwiwar hannu da yatsu, su cinye gaɓa, su haifar da tsakuwar ƙoda. Magungunan kuma, in an daɗe ana sha barkatai, su ɓata ciki da ƙoda. Ƙaho da tsaga ba sa fitar da tsinayen, sai dai su shigar da ƙwayoyin cuta.

Maganin asibiti hawa biyu ne. Akwai na kwantar da kumburi, irin su colchicine. Akwai kuma allopurinol, wanda ake sha kullum domin sinadarin ya sauka ƙasa da miligiram 6 a gwajin jini. A watannin farko ciwon kan iya motsawa, kada a daina sha. Amma in ƙuraje suka feso, a tsaya a koma wurin likita nan take.

Akwai wata cuta 'yar'uwar gawut da sinadarin kalsiyam ke haddasawa, ta fi kama gwiwa da wuyan hannun tsofaffi, ita allopurinol ba ya yi mata aiki. Shi ya sa likita kan zuƙi ruwan gaɓa a duba kafin a yanke hukunci.

Jama'a, duk gaɓar da ta kumbura farat ɗaya, musamman in da zazzaɓi, a kai ta Babban Asibitin Illela a ranar. In ta kama, a tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. A rage kayan ciki da zaƙi, a yawaita shan ruwa, a riƙe magani yadda likita ya ce.