Ɗarikar Katolika da 'yan Latino a Amurka: hidimar shekara 50 da siyasar korar baƙi ta sa a tsaka mai wuya

A watan Yulin 2025, Bishop Alberto Rojas na San Bernardino a jihar Kalifoniya ya fitar da wata sanarwa da ba a saba jin irinta ba: ya ɗauke wa mabiyansa wajibcin halartar sujadar Lahadi, muddin suna tsoron jami'an shige da fice za su kama su. A ɗarikar Katolika, irin wannan rangwame sai a lokacin annoba ko bala'i. Sanarwar ta bayyana halin da ɗarikar ta tsinci kanta a ciki game da al'ummar da makomarta a Amurka ta rataya a wuyansu, wato 'yan Latino.

Su wane ne 'yan Latino?

Sunan ya haɗa mazauna Amurka da tushensu ke komawa Meziko, Puerto Rico, Kuba, El Salvador da sauran ƙasashen Latin Amurka, inda akasari ake magana da Sifaniyanci. Ƙidayar 2020 ta nuna sun kai miliyan 62, kusan kashi 19 cikin 100 na al'ummar ƙasar. Ba dukansu ne baƙi ba. Mafi yawansu a Amurka aka haife su, wasu kuma iyaka ce ta tsallake kakanninsu a 1848, lokacin da Meziko ta sallama wa Amurka yankunan da suka haɗa da Kalifoniya bayan yaƙi.

Duk da wannan daɗewa, jagorancin cocin ya jima a hannun zuriyar Turawan Ireland da Jamus. Sai a 1970 aka naɗa Patrick Flores, Ba'amurke na farko ɗan asalin Meziko da ya zama bishop.

Yadda aka gina hidimar

Ginshiƙin aikin shi ne jerin tarukan da ake kira Encuentro, ma'ana “haɗuwa” da Sifaniyanci. An yi na farko a 1972, na biyu a 1977, na uku a 1985. Tsarin yana farawa daga ƙasa ne: ƙananan rukunoni a majami'u su tattauna buƙatunsu, a kai sakamakon matakin lardin bishop, daga nan zuwa taron ƙasa. Daga taro na uku ne aka samar da kundin tsarin hidima na 1987, wanda ya ƙi amincewa da narkar da 'yan Latino cikin al'adar masu rinjaye, ya nemi a karɓe su da harshensu da al'adunsu.

A aikace, hakan na nufin sujada da Sifaniyanci, horar da mabiya na yau da kullum su jagoranci ƙungiyoyi, da ba da muhimmanci ga bukukuwa irin na Maryamu ta Guadalupe a ranar 12 ga Disamba. Wani bincike da Hosffman Ospino na Boston College ya jagoranta, wanda ya fito a 2014, ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na majami'un Katolika a ƙasar na gudanar da irin wannan hidima.

Taro na biyar ya gudana a Grapevine da ke jihar Texas a 2018, da wakilai kimanin 3,000. Shekara guda bayan haka, José Gomez na Los Angeles, haifaffen Meziko, ya zama ɗan Latino na farko da ya shugabanci majalisar bishop-bishop ta Amurka. A watan Yunin 2023 majalisar ta amince da sabon kundin hidima na shekara goma.

Ina gizo ke saƙar?

Alƙaluman cibiyar bincike ta Pew sun nuna fuska biyu. 'Yan Latino sun zarce kashi ɗaya bisa uku na manyan mabiya Katolika a Amurka. Amma a cikinsu, masu bin ɗarikar sun ragu daga kashi 67 cikin 100 a 2010 zuwa kashi 43 a 2022. Mutane da dama na ɗauka majami'un Fentikos ne ke kwashe su, sai dai babban giɓin ba nan yake ba. Waɗanda suka ce ba su bin kowane addini sun ƙaru daga kashi 10 zuwa 30 a wannan tsakani, kuma a cikin 'yan shekara 18 zuwa 29 sun kai kusan rabi.

A nan raunin tsarin ya fito. An gina shi ne domin baƙo mai jin Sifaniyanci, alhali 'ya'yansa da jikokinsa sun tashi da Turanci. Matashin da bai ƙware a harshen iyayensa ba, kuma bai ga al'adarsa a sujadar Turanci ba, sai ya rasa wurin zama a ɓangarorin biyu. Ga kuma ƙarancin limaman coci 'yan Latino idan aka kwatanta da yawan mabiya, a ƙasar da dama take cike giɓin limamanta da na Latin Amurka, Indiya da Najeriya.

Siyasa ta shigo majami'a

A watan Janairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta soke ƙa'idar da ta taƙaita kamen baƙi a wuraren ibada, makarantu da asibitoci. Bishop-bishop sun soki matakin, Mataimakin Shugaban Ƙasa JD Vance, wanda shi ma ɗan Katolika ne, ya mayar da martani da zargin cewa kuɗin da suke karɓa na tsugunar da 'yan gudun hijira ne ya dame su. A watan Afrilu majalisar ta sanar da kawo ƙarshen yarjejeniyarta da gwamnati kan wannan aiki. A watan Nuwamba kuma, a Baltimore, ta fitar da saƙo na musamman, irinsa na farko tun 2013, inda ta yi adawa da korar mutane da yawa ba tare da tantancewa ba.

Sai dai mabiyan ba bakinsu ɗaya ba. Binciken Pew ya nuna Trump ya samu mafi yawan ƙuri'un 'yan Katolika a zaɓen 2024, da kuma kashi 48 cikin 100 na ƙuri'un 'yan Latino. Ke nan a benci guda ana iya samun wanda ya zaɓi tsaurara iyaka da wanda ke fargabar a raba shi da 'ya'yansa.

Abin da ke gaba

Fafaroma Leo na 14, haifaffen Chicago wanda ya shafe shekaru yana hidima a Peru, ya san ɓangarorin biyu, kuma ya mara wa saƙon bishop-bishop baya. Amma ba a Roma za a auna nasarar kundin 2023 ba. Za a auna ta ne a majami'un unguwa: ko iyayen da tsoro ya tsare a gida za su dawo, ko kuma 'ya'yansu, waɗanda takardar zama ba ta dame su ba, za su ga dalilin zama.