Ƙarfin Maɗaukin Sauti da Muryar Jitar Lantarki

Jitar lantarki ba ta da ƙoƙon da ke amsa sauti irin na gurmi ko garaya, don haka muryarta ta dogara ne da maɗaukin sauti, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai, aka kafa shi ƙarƙashin tsirkiyoyi. Idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa, sai ta girgiza ƙarfin maganaɗisun, girgizar ta haifar da ɗan lantarki a cikin wayar, amfilifaya kuma ta ƙara masa ƙarfi har ya fita ta lasifika. Shi ya sa na'urar ba ta jin kukuma mai tsirkiyar izgar doki, dole makaɗinta a wajen biki ya kai ta bakin makirufo.

Maɗauki mai naɗi ɗaya yana da murya garau, amma yana kwaso gurnanin wutar lantarki, wadda a Najeriya ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma gurnanin kan ƙaru a kusa da janareto. A 1955 Seth Lover na kamfanin Gibson ya nemi rajistar maɗauki mai naɗi biyu masu saɓa wa juna, ta yadda gurnanin ɗaya ke kashe na ɗayan. Daga wannan tsari ne Larry DiMarzio ya fitar da Super Distortion a 1972, inda ya ƙara yawan naɗin ya kuma sa maganaɗisu mai ƙarfi, domin lantarkin da ke fita ya fi ƙarfin amfilifaya har muryarta ta dishe ta yi kaushi, abin da makaɗan rok ke nema ido rufe.

Sai dai ƙarfin nan ba kyauta ba ne. Gwargwadon yadda naɗi ya yawaita, haka siraran sautuka na sama ke raguwa, na tsakiya su yi kauri, tazarar da ke tsakanin taɓawa a hankali da bugu da ƙarfi ta ƙuntata, har yatsan gwani da na ɗan koyo su kusa yin murya ɗaya. Idan kuma maganaɗisun ya matso tsirkiya da yawa, yakan ja ta ya rage tsawon amonta.

A kiɗan Sahel, inda yatsu ke gudu kan tsirkiya kuma ake son kowane sauti ya fito daban, wannan asara ce babba. Mdou Moctar, ɗan Nijar mai kaɗa Fender Stratocaster da hannun hagu, yana da kiɗa mai kaushi ƙwarai, amma maɗaukin jitarsa mai naɗi ɗaya ne, kaushin kuwa daga amfilifaya da ƙananan na'urorin da ake takawa da ƙafa yake samo shi, waɗanda yake iya kashewa a tsakiyar waƙa idan yana son muryar ta koma garau.