Aljeriya: Harshen Amazigh da Rigimar Tuta

Aljeriya tana iyaka da Jamhuriyar Nijar ta kudu. Ko da yake akasari ana lissafa ta cikin ƙasashen Larabawa, akwai miliyoyin mutanenta da harshensu na gado ba Larabci ba ne. Su ne Amazigh, waɗanda Turawa ke kira Berber (kada a rikita su da Barebarin Borno, ba su da haɗi). Mafi yawansu Kabilawa ne da ke zaune a duwatsun gabas da birnin Aljas. Abzinawan Agadas da na Tamanrasset ma reshe ne na wannan al'umma, kuma su ne suka riƙe tsohon rubutunta, wato Tifinag.

Bayan samun 'yancin kai a 1962, gwamnati ta ɗauki Larabci kaɗai a matsayin harshen ƙasa. A watan Maris na 1980 hukumomi suka hana marubuci Mouloud Mammeri gabatar da lacca kan tsofaffin waƙoƙin Kabilawa a jami'ar Tizi Ouzou, abin da ya jawo zanga-zanga ta makonni. A 2001 wani ɗalibi ya mutu sakamakon harbi a ofishin jandarmomi na Beni Douala, tarzoma ta ɓarke, aka kashe mutum fiye da 120. Bayan wannan ne, a 2002, aka shigar da Tamazight cikin tsarin mulki a matsayin harshen ƙasa. A 2016 ya zama harshen hukuma tare da Larabci, sannan daga 2018 aka fara hutun sabuwar shekarar Amazigh ranar 12 ga Janairu.

Sai dai amincewa da harshe daban, amincewa da tuta daban. Tutar Amazigh tana da launi uku a kwance: shuɗi a sama yana nufin teku, kore a tsakiya yana nufin duwatsu da gonaki, rawaya a ƙasa yana nufin hamada. A tsakiyarta akwai jan harafin Tifinag mai suna yaz, wanda ya yi kama da mutum ya ɗaga hannuwansa. Babban taron Amazigh na duniya ne ya amince da ita a 1997 a tsibiran Kanari. Ba tutar wata ƙasa ba ce, shi ya sa ake ganinta a Maroko da Libiya da wuraren bukukuwan Abzinawa. Masu neman ɓallewar yankin Kabilawa suna da tasu tutar daban.

A 2019, lokacin zanga-zangar da ta tilasta wa Shugaba Bouteflika sauka, jama'a sun riƙa fitowa kowace Juma'a da tutar ƙasa a hannu ɗaya, ta Amazigh a ɗaya hannun. Ranar 19 ga Yuni babban hafsan sojoji, Ahmed Gaid Salah, ya yi gargaɗi cewa Aljeriya tuta ɗaya gare ta, kuma an ba jami'an tsaro umarni a kan masu ɗaga wata. Nan da nan 'yan sanda suka shiga binciken jakunkuna, aka kama mutane da dama.

Matsalar ita ce babu dokar da ta haramta wannan tuta. Don haka aka tuhume su da laifin yi wa haɗin kan ƙasa zagon ƙasa, ƙarƙashin sashe na 79 na dokar manyan laifuffuka. Tuhumar ba ta da ƙarfi, domin da wuya a ce mutumin da ya yafa tutar ƙasa a kafaɗa yana neman raba ta. Alƙalai ma ba su yi baki ɗaya ba. A watan Agusta wata kotu a Annaba ta sallami wanda aka gurfanar, har ta ba da umarnin a mayar masa da tutarsa. A watan Nuwamba kuwa kotun Sidi M'hamed da ke Aljas ta yanke wa wasu ɗaurin wata shida, alhali kotun Bab El Oued, a cikin birnin guda kuma a makon guda, ta wanke waɗanda aka kawo gabanta da irin wannan tuhuma.