Yankakken Kek na Garin Kwali, da Muhallinsa a Madafin Dutsin-Ma da Kurfi

Duk wanda ya taɓa halartar suna ko biki a Dutsin-Ma, garin Yandakan Katsina, ko kuwa a Kurfi, garin Maraɗin Katsina, ya kuma ga irin abin da ake fitowa da shi daga cikin gida a faranti bayan an shafa fatiha an raba goro, ba ya bukatar a kafa masa hujja cewa mutanen wannan yanki ma'abota kayan zaƙi ne tun kaka da kakanni. Ga alkaki, ga nakiya, ga dublan da cincin, waɗanda in babu su gara ba ta cika gara ba. Ga kuma kantun riɗi da tuwon madara da gullisuwa da ake samu a teburin mai kanti. Ba kuwa abin zargi ba ne, gama ya tabbata a cikin Sahihul Bukhari, ta hanyar Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana son abin zaƙi da zuma. Abin da shari'a ta ƙi shi ne israfi, ba jin daɗin ni'ima ba.

To, a 'yan shekarun nan wani baƙo ya shigo cikin wannan zuri'a, watau garin kek da ake sayarwa haɗaɗɗe a cikin kwali. An fi samunsa a manyan kantunan Katsina da Kano, amma tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ta zo ta tarar da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, garin ya cika da malamai da ɗalibai daga sassa daban-daban na ƙasar nan, kowa da abin da bakinsa ya saba da shi, sai sha'awar irin waɗannan abubuwa ta yaɗu har cikin gidajen da a da ba su san kek ba sai ranar Salla.

Asalin wannan gari daga Amurka yake. Wani kamfani mai suna P. Duff and Sons, na birnin Pittsburgh, wanda sana'arsa sayar da baƙin ruwan rake mai kauri ce, shi ne ya nemi a yi masa rajistar wannan dabara a 1930, domin hajarsa ta yi masa kwantai yana neman hanyar da zai shigar da ita; sai ya busar da ruwan raken tare da fulawa, ya zama gari, wanda uwargida za ta zuba wa ruwa kurum ta gasa. Abin bai bunƙasa sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da General Mills ya fito da nasa da sunan Betty Crocker a 1947, Pillsbury ya biyo baya a 1948, kana Duncan Hines a 1951. Shi kuwa sinadarin da ke sa ƙullin ya tashi ba tare da yis ba, watau bekin foda, wani Bature masanin haɗa magunguna ne, Alfred Bird na Birmingham ta Ingila, ya haɗa shi a 1843, sabili da matarsa ba ta iya cin abin da aka sa wa yis.

Na kawo wannan tarihi ne domin mai karatu ya gane cewa babu wani asiri a cikin kwalin nan. In aka buɗe shi, abin da ke ciki bai wuce fulawa mai laushi ba, da sukari, da bekin foda, da ɗan gishiri, da ɗan maiƙo, da abin ƙamshi, sai wasu sinadarai da ke haɗa mai da ruwa su zauna lafiya. Fa'idarsa ɗaya ce, amma babba: an riga an yi awo. Galibin kek ɗin da ke lalacewa a hannun mai koyo, ko ya kwanta a tsakiya ko ya yi ɗaci, ba don rashin kayan kirki ba ne, illa dai don mizani ya karkata, an cika wannan an rage wancan.

Amma abin da na fi so in ja hankalin uwargida a kansa ba shi ne kek mai tudu da ake yi wa ado a ajiye gaban amarya ba. Akwai wata hanya da ta fi wannan sauƙi, ta kuma fi dacewa da halin da muke ciki, ita ce a yi shi shimfiɗaɗɗe a faranti, in ya huce a yanka shi murabba'i-murabba'i kamar yadda ake yanka tuwon madara. Ƙa'idar ita ce a hana shi ruwa. Kwalin da ya kai kimanin giram 430 yakan umurci mai girki ta zuba kofi guda na ruwa da mai da ƙwai 3. To, mai son yankakken kek sai ta bar ruwan nan ɗungurungum, ta narkar da rabin kofi na bota, ko ta auna rabin kofi na man gyaɗa mai kyau wanda aka soya shi ya bar gafi, ta fasa ƙwai 2, ta juya da muciya har ya zama ƙulli mai tauri wanda ba ya zuba, sai dai a danna shi da tafin hannu. Hikimar abin ita ce, ruwa shi ne ke zama tururi ya kumbura kek ya mai da shi sakwaf. In aka rage shi, sai abin ya fito a dunƙule, gefensa da ɗan ƙarfi, cikinsa da danshi da ɗan danƙo, ba ya marmashewa a hannun yaro, ba ya kuma saurin lalacewa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin al'amari ba ne ga wanda ya san zafin Maris da Afrilu a tsakiyar Jihar Katsina, ya kuma san cewa wutar da za ta riƙe firji ba abin dogaro ba ce.

A nan ne kasuwarmu take da ta cewa. Matan Amurka sukan barbaɗa ɓarɓashin cakulan a cikin nasu, abin da a wurinmu yake da tsada, ga shi kuma yana narkewa tun kafin a iso gida da shi. Wadda ta shiga kasuwar Dutsin-Ma ranar Laraba, ko ta aika, za ta samu abin da ya fi wannan daɗi da araha: gyaɗa soyayya a murje ɓawon a ɗan farfasa ta, ba a daka ta yi laushi ba; riɗi wankakke da aka tsame tsakuwarsa aka ɗan soya sama-sama har ƙamshinsa ya tashi; dabino busasshe da aka jiƙa ya yi taushi aka cire ƙwallon aka yayyanka; kwakwa gogaggiya; ko ɗan garin citta da kanumfari ga mai son ƙamshin nakiya. Kofi guda na ɗayan waɗannan, ko gaurayen biyu, ya wadatar. A ganina dabino da gyaɗa sun fi kowane haɗi, sai dai a tuna garin kwali ya riga ya ji sukari, kada a ƙara ko cokali.

Saura gashi. Mai oben sai ta sa shi a digiri 175, ta shafe faranti da mai, mai tsawon kimanin santimita 33 da faɗin 23, ta shimfiɗa ƙullin daidai wa daida, ta ba shi minti 20 zuwa 25. Wadda ba ta da oben kuwa, kuma su ne mafiya yawa a Kurfi da ƙauyukanta, ba ta rasa kome ba, domin iyayenmu mata sun daɗe suna gasa kek a gwangwanin kifi cikin tukunya. A zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya kamar kaurin yatsa biyu, a rufe a ɗora bisa garwashi har ya ɗauki zafi sosai, a jera 'yan duwatsu uku a kan yashin a ɗora farantin a kansu don kada gindinsa ya ƙone, kana a rufe a zuba garwashi kaɗan a bisa murfin. Wutar ƙasa ta zama mai sanyi, ta sama ta fi ta kaɗan. In ƙamshi ya cika tsakar gida, gefen ya yi ja-ja ya fara janyewa daga jikin farantin, sai a soka tsinke a tsakiya. In ya fito da ɗan marmashi mai danshi, ba ɗanyen ƙulli ba, a sauke nan take, gama zafin farantin zai ƙarasa sauran aikin. Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawar yanka. Sai ya huce sarai ake sa masa wuƙa, a fitar da yanka 24.

Akwai kuma mas'alar da bai kamata Musulmi ya tsallake ta ba. Da yawan waɗannan kwalaye daga ƙasashen waje suke zuwa, kuma sinadaran haɗa mai da ruwa da na ambata ana iya samo su daga tsiro, ana kuma iya samo su daga kitsen dabba, wadda mai saye bai san irinta ba balle yadda aka yanka ta. Saboda haka wajibi ne a duba jikin kwalin, a nemi alamar halal, da lambar rajistar hukumar NAFDAC, da ranar da wa'adinsa zai ƙare, domin garin da ya kwana biyu a kanti bekin fodarsa takan mutu. Abin da ya shige wa mutum duhu, barinsa ya fi tsentseni.

Wannan shubuha, haɗe da tsadar kwalin, su ne suka sa nake ganin mafificin tadbiri shi ne uwargida ta haɗa nata garin da hannunta. Kofi biyu da rabi na fulawa, kofi ɗaya da rabi na sukari, rabin kofi na madarar gari, babban cokali guda na bekin foda da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a tankaɗe su tare sau biyu, a zuba a mazubi mai murfi a ajiye inda babu laima. In ƙullin ya cika tauri, tun da wannan garin ba shi da maiƙo a cikinsa, a ɗan ƙara mai. Ta san abin da ta zuba, ta rage kuɗi, tana kuma da ikon rage sukarin domin tsofaffin gidan, tun da ciwon sukari ya zama ruwan dare a garuruwanmu. Wadda ke neman sana'a daga cikin ɗakinta, ga ɗalibai nan birjik masu neman abin karin kumallo. Ta ƙulla a leda mai tsabta ta kai wa masu kanti, ya fi a ɗora wa yarinya tire a hana ta zuwa makaranta.

Abin da kawai nake jin tsoro shi ne kada sauƙin yankakken kek ya sa a raina wahalar kayan zaƙinmu na gado. Alkaki sai an ɓarza alkama an kwaɓa an bar ta ta kwana ta yi tsami, a naɗe, a soya, a tsoma a ruwan sukari ko zuma. Nakiya sai an sha daka da tuƙi, amma takan yi wata da watanni ba ta canza ba, abin da babu kek ɗin da zai yi. Masu wannan ilimi yawancinsu sun manyanta, kuma ba a kwali aka rubuta shi ba. Don haka ina roƙon 'yan matanmu na Dutsin-Ma da Kurfi, ku koyi yankakken kek don baƙon da ya zo ba shiri, amma duk ranar da aka ce za a yi alkakin gara a unguwa, ku ɗauki tabarma ku je ku zauna kusa da tsohuwar da ke murza shi, ku sa hannu.