Ƙarfin Wuta da Nisan Zango: Gyara ga Masu Rediyon Sha'awa

Akwai wata gardama da ta daɗe tana zagaya rumfunan masu gyaran rediyo na Sabon Gari, har ta shigo cikin ganuwa ta zauna a zaurukan samarin da suka fara sha'awar zantawa da mutanen wasu ƙasashe ta gajeren zango, wai duk wanda bai mallaki na'ura mai wat 1,000 ba, muryarsa ba za ta wuce Zariya ba, balle ta ƙetare Sahara. Wannan zance, ko da yake masu yinsa ba da mugun nufi suke yi ba, ba shi da madogara a ilmi, kuma illarsa biyu ce: yana karya gwiwar talaka, yana kuma jefa mai hali cikin israfi.

Asalin kuskuren shi ne zaton da ake yi cewa in an ninka wuta an ninka nisa, alhali kuwa ma'aunin da ke fuskar rediyon mai saurare ba ya ɗagawa da daraja ɗaya sai an ninka ƙarfin sau huɗu. Saboda haka wanda ya tashi daga wat 5 zuwa 20, daga nan zuwa 80, daraja biyu kacal ya ƙara, wanda kuma ya bar wat 100 ya kashe dukiyarsa ya kai 400, ɗaya tak ya samu. Abin da ke kai saƙo nesa wani rufi ne da Allah Ya shimfiɗa a sararin samaniya, kimanin kilomita 300 daga ƙasa, wanda yake mayar da gajeren zango zuwa doron ƙasa, yanayinsa kuma yana sauyawa tsakanin dare da rana, da kuma bisa zagayen tabban rana na shekara 11. Alal misali, a watan Nuwamba na 1923, Léon Deloy na birnin Nis a Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell a Amurka, da na'urorin da ƙarfinsu bai kama ƙafar na manyan tashoshin kamfanoni ba.

Ladanan da, kafin zuwan lasifika, sun fahimci wannan hikima, domin maimakon su fasa maƙogwaro a ƙasa, hawa suke yi saman hasumiya su fuskanci sarari, murya ta ratsa unguwanni. Haka eriya take: waya mai tsawon mita 10, a yanka ta biyu a ɗaure a kan gora can bisa soro, nesa da rufin kwano, ta ishi zangon mita 20, kuma amfaninta ya game faɗa da ji, alhali ƙarin wuta faɗa kaɗai yake ƙarawa. Ina fa'idar a ji ka a Alƙahira kai ba ka jin amsa, saboda ƙarar inbata da cajojin waya ta cika maka kunne?

Sai kuma haƙƙin maƙwabtaka, wanda ya fi nauyi a unguwanni irin su Yakasai da Mandawari, inda katangar wani take jingine da ta wani. Na'ura mai tsananin ƙarfi takan kutsa cikin talabijin ɗin maƙwabci, ko ta fito ta lasifikar masallaci ana tsakiyar karatu. Ga kuma lissafin batir, domin mai wat 100 takan ja kusan amfiya 20, mai wat 5 kuwa ɗan faifan sola ya wadace ta.

Ba a musun cewa ƙarfi yana da muhallinsa, musamman lokacin bala'i ko ranar da samaniya ta ƙi, amma ƙa'idar Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya a bayyane take, cewa kowace tasha ta fitar da gwargwadon buƙata kawai. Zai kyautu hukumar da ke ba da lasisin rediyon sha'awa ta jarraba mai nema a kan wannan ƙa'ida kafin ta karɓi kuɗinsa, shi kuma ɗalibi ya fara da ƙanƙanin wuta, ya gyara eriyarsa, ya koyi lokutan da hanya take buɗewa, kada ya ƙara ko wat ɗaya sai abokin zancensa ya ce ba ya ji.