2.3 Amfani da Tsohon Injin Kaftu a Lambunan Ƙasar Dutse

Kamar yadda aka gani a sashen da ya gabata, fartanya da garmar shanu su ne ginshiƙin noma a ƙasar Dutse. Wannan sashe zai duba ƙaramin injin kaftu, wanda Arthur Howard na Ostireliya ya fara gwada irinsa a shekarar 1912.

Shi wannan inji wuƙaƙe ne da shi masu juyawa. Manomi kan riƙe shi ta baya, su kuwa wuƙaƙen suna saran ƙasa suna marmashe ta. Idan injin ya tsufa, wajibi ne a duba baƙin mai da fulogi, a kuma kai dakusassun wuƙaƙe wajen maƙeri.

Abin lura a nan shi ne, ƙasar yankin iri biyu ce. A fadama mai laka, injin yana sauƙaƙa gyaran fangali, muddin ƙasar ba ta jiƙe sharkaf ba. A jigawa kuwa, inda rairayi ya yi yawa, yawan kaftu kan mai da ƙasa gari, iskar bazara ta kwashe ta. Saboda haka, sanin ƙasa yana gaba da mallakar inji.